Yadda injiniyoyi suka koyi sabunta sabar ba tare da sun ƙona gadar komawa ba 🧵

1/ Kun tuna 14 ga Mayu 2025, ranar da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye gaban 'yan jarida? Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas aka buƙaci su sake jarrabawa. Tushen matsalar: gyaran manhaja da bai zauna daidai a wasu sabobi ba.

2/ Tun ranar nake son yin zaren nan. Sabunta sabar aiki ne mai haɗari, kuma sama da shekara 20 ana neman maganinsa. Ku gyara zama.

3/ A da, in za a sabunta tsarin aikin sabar, sai a sallami kowa, a rubuta sababbin fayiloli a kan tsofaffi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, to rabin tsarin sabo, rabi tsoho, injin ya ƙi tashi. Mu da ke ƙarƙashin Kaduna Electric ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Duk mai shagon kwamfuta daga Ƙofar Taramniya zuwa Kasuwar Daji ya san yadda ake yi da hannu ɗaya a kan janareta.

4/ Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya kawo dabara a zamanin Solaris 8, farkon shekarun 2000. Sunanta Live Upgrade. A kwafi tsarin aiki gaba ɗaya zuwa wani ɓangare na faifai, a sabunta kwafin yayin da na asali ke ci gaba da aiki, sannan a sake kunna injin ya tashi daga sabon. Ya ƙi? A koma tsohon, yana nan lafiyarsa lau.

5/ Kowane kwafi irin wannan shi zan kira muhallin tashi. Kamar mai gida ne ya gina sabon ɗaki ya kwana ciki dare ɗaya kafin ya rushe tsohon.

6/ Matsalar ita ce tsada. Sai ka ware ɓangaren faifai tun ranar girka injin, kuma kwafin na cin lokaci da wuri. Wanda bai yi tanadi tun farko ba, sai haƙuri.

7/ Nan ZFS ya shigo. A 2001 Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara gina shi a Sun. Ya fito fili a Nuwamba 2005 cikin OpenSolaris, ya shiga Solaris 10 a tsakiyar 2006. Tsarin ajiye fayiloli ne da ba ya rubutu a kan bayanan da ake amfani da su. Canji ya zo, sai ya rubuta shi a sabon wuri, sai ya gama tsaf sannan ya juya alama ta nuna can.

8/ Ku tsaya ku fahimci wannan, don shi ne komai. Tunda tsohon bayani bai goge ba, kana iya cewa “riƙe mini yadda faifan nan yake a daƙiƙar nan”. Wannan hoton ba ya cin wuri a farko, kuma nan take ake ɗaukarsa. Daga hoton sai a fitar da tagwai da za a iya rubutu a kansa. Su biyun suna tarayya a duk abin da bai canja ba, bambancin kaɗai ke cin wuri.

9/ Wato abin da a da ke buƙatar faifai na biyu da dogon jira ya koma aikin daƙiƙoƙi. A Mayu 2008 OpenSolaris 2008.05 ya fito ƙarƙashin jagorancin Ian Murdock, wanda ya ƙirƙiro Debian, ɗauke da umarnin beadm. Babbar sabuntawa sai ta haifi sabon muhalli da kanta, ka kunna injin ka ga jerinsu ka zaɓa.

10/ Sai ciniki ya shiga tsakani. Janairu 2010 Oracle ta kammala sayen Sun a kan dala biliyan 7.4, ta rufe ƙofar OpenSolaris. Amma lambar da aka riga aka saki ba ta komawa. Agusta 2010 aka kafa illumos, 2013 kuma OpenZFS.

11/ FreeBSD kuwa tun sigar 7.0 a 2008 take da ZFS, aikin Pawel Jakub Dawidek na ƙasar Foland. Disamba 2018, a sigar 12.0, ta samu nata umarnin, bectl.

12/ Abin da ya fi burge ni a bectl: kana iya cewa injin ya gwada sabon muhalli sau ɗaya tak. A ce sabar ɗinka na Legas kai kana Sakkwato. Sabon tsarin ya maƙale, sai ka ce wa mai gadin wurin ya kashe ya kunna, injin ya dawo tsohon da kansa. Ba kuɗin mota, ba kwana a hanya. Wallahi wannan kaɗai ya isa a koyi abin.

13/ Linux fa? Lasisin ZFS bai jitu da nata ba, shi ya sa ba ya cikin ainihin zuciyar tsarin. SUSE ta bi ta Btrfs da Snapper, ta kawo komawa baya a 2014. Kuma dabarar na iya kasancewa a aljihunka yanzu haka: daga Android 7.0 a 2016 wayoyi da yawa na da gurbi biyu, A da B. Ana sabunta ɗaya kana ta Facebook a ɗayan, in bai tashi ba wayar ta koma wanda ta sani. Ainihin tunanin Live Upgrade ke nan.

14/ Amma kada wani ya ɗauka laya ce. Muhallin tashi na mayar da tsarin aiki ne, ba ya mayar da bayanan mutane. In sabuwar manhaja ta riga ta canja fasalin rumbun bayanai, tsohuwar na iya kasa karanta shi. In ka yi gaggawar ɗaga sigar ZFS ɗin kansa, tsohon muhallin ma na iya ƙin tashi. Kuma duk a faifai ɗaya suke, faifan ya mutu sun tafi tare.

15/ Mu koma JAMB. A ganina muhallin tashi shi kaɗai ba zai ceci ɗaliban nan ba. Injinan sun tashi, an zauna an rubuta jarrabawa, ba wanda ya gane akwai matsala sai da sakamako ya fito. Hanyar komawa baya tana amfani ne in ka san ka ɓata. Abin da ya yi ƙaranci can shi ne a bi kowace sabar a tabbatar gyaran ya zauna, a gwada ta, kafin ɗalibi ko ɗaya ya taɓa madannai.

16/ 'Yan kimiyyar kwamfuta na Danfodiyo da duk mai sha'awa: sauke VirtualBox, girka FreeBSD a kan ZFS, yi bectl create, sannan ka ɓata tsarin da gangan ka sake kunnawa ka zaɓi tsohon daga jerin farko. Wanda ya gwada ya ajiye mana hoton allonsa a ƙasa mu gani.