Fuskar Aro: Turawa a Rigar Sinawa a Finafinan Amurka

Wannan muƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata tsohuwar al'ada ta Holiwud, cibiyar shirya finafinai ta Amurka, wato ɗaukar Bature a shafa masa hoda, a ja fatar idanunsa da danƙo, sannan a fito da shi a matsayin mutumin Asiya. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ba ƙarancin 'yan wasa ya haifar da wannan al'ada ba. Doka da son riba da tsohuwar ƙyama ne suka haɗu suka raine ta.

Tushen al'amarin ya girmi silima. A shekarar 1882 majalisar Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasar, dokar da ba a soke ta ba sai a 1943. A cikin wannan yanayi ne fim ya tashi, ya kuma gaji siffofi biyu na Basine. Na farko shi ne mugu mai makirci, irin Fu Manchu, wanda marubucin Ingila Sax Rohmer ya ƙaga. Na biyu kuwa shi ne salihi mai ladabi da gurguwar Ingilishi, irin ɗan sandan ciki Charlie Chan. Abin mamaki, mutum ɗaya ne, Warner Oland ɗan ƙasar Suwidin, ya yi fice da fitowa a duka biyun, har ya fito a matsayin Chan a finafinai 16 daga 1931.

Babu inda zaluncin ya fi bayyana kamar a rayuwar Anna May Wong, Basiniya haifaffiyar Los Angeles a 1905. Duk da ƙwarewarta, ba a cika ba ta komai ba sai matsayin baiwa ko mayaudariya, har ta yi ƙaura zuwa Turai a 1928 don neman mutunci. Da kamfanin MGM ya tashi mayar da littafin Pearl Buck mai suna The Good Earth fim, ta sa rai da matsayin O-Lan, matar manomi. Sai dai ƙa'idojin tace finafinai da aka fara tsananta aiki da su a 1934 sun hana nuna soyayya tsakanin farare da baƙaƙe, kamfanoni kuma suka faɗaɗa hanin ya shafi mutanen Asiya. Da yake an riga an ba Bature Paul Muni matsayin miji, sai ya zama ba za a haɗa shi da Basiniya ta gaske ba. Aka ɗauki Luise Rainer, haifaffiyar Jamus. Fim ya fito a 1937, Rainer ta ci kyautar Oscar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Al'adar ba ta tsaya nan ba. A 1956 John Wayne ya fito a matsayin Genghis Khan, a 1961 kuma Mickey Rooney ya sa haƙoran roba ya fito a matsayin Bajapane abin dariya a Breakfast at Tiffany's. Hujjar masu kamfani kullum ita ce, sunan tauraro ke sayar da fim. Amma ta yaya mutum zai zama tauraro alhali an rufe masa ƙofar da ake bi a zama?

Sai a 2023, shekara 85 bayan nasarar Rainer, Michelle Yeoh 'yar Malesiya ta zama macen Asiya ta farko da ta ci wannan kyauta a matsayin babbar jaruma. Wong kuwa ta rasu tun 1961, ba ta ga ranar ba, ko da yake a 2022 an buga hotonta a kan kwabon Amurka.

A ƙarshe, darasin da ɗalibin adabi zai ɗauka shi ne, duk al'ummar da wani ke wakiltar fuskarta, to wani ne ke tsara yadda duniya za ta gan ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.