Daga Jikin Motar Shanu Zuwa Fuskar Waya

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san zanen da ke jikin manyan motocin da ke lodin shanu: zaki ko mikiya, an zagaye shi da baƙin layi mai kauri, an cike cikinsa da fenti kala ɗaya. Ashe idon mutumin ƙasar Gumel ya san wannan salon tun kafin ya ga kwamfuta. Shi ne yau samari ke mayar da hotunansu, suna ce masa katun.

Larura ce ta haife shi a fim. A 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar dabarar zana 'yan katun a kan leda mai shara-shara, a ɗora ta kan fili da aka zana sau ɗaya tak. Fim guda kan ci dubban ledoji, don haka babu mai lokacin bin fuska yana mata inuwa dalla-dalla. Tawada ta gaba, fenti ta baya, a wuce. Shekara ta zagayo, Max Fleischer ya fito da na'urar da ake haska hoton mutum na gaske, mai zane ya bi shacinsa da alƙalami. Nan hoto ya fara rikiɗa.

Kwamfuta ta karɓi aikin lokacin da manhajar Photoshop ta fito a 1990, saura shekara guda a ƙirƙiro Jigawa. Masu shagon hoto da masu buga katin biki suka koya da hannu: a goge fuska ta yi sumul, a rage launuka zuwa huɗu ko biyar, a ƙara wa gefuna baƙi. Aiki ne na haƙuri, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsaka da shi. Da manhajar Prisma ta ɓullo daga Rasha a 2016, sai ya koma danna yatsa. Yaro a Gagarawa ko Sule Tankarkar, in dai da data, kafin shayinsa ya huce ya gama.

Inda nake da ƙorafi shi ne gogewar nan. Manhaja ba ta san tsagar gado ba, tabo take ɗaukarta, ta share. Aikin hular da mai ɗinki ya yi makonni yana bi da allura sai ya dunƙule ya zama ɗigon kala biyu. Sau da yawa har fatar takan yi haske.

In za ka yi wa hoton tsohonka katun, don Allah ajiye na asalin tukuna.