Littafin da Ya Zaga Kusugu Babu Bango

Kwafin Ƙarshen Alewa Ƙasa da na fara karantawa ba shi da bango, shafukan farko ma sun zube. Yayata ce ta aro shi daga wani gida a unguwarmu ta Kusugu, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, aka ba ta mako guda domin akwai masu jira. A shafin ƙarshe na ƙirga sunaye 11, kowanne da irin bironsa. Ba wanda ya san wa ya saye shi tun asali. An dai san gidan da ya fito da gidan da zai shiga.

Sai da na girma na san tarihinsa. Bature Gagare, mutumin Katsina, ya rubuta shi, kuma yana cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. An buga shi a 1982, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. Dama ta hanyar gasa ƙagaggen labarin Hausa na boko ya taso, tun ta 1933 wadda Rupert East ya shirya, ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Amma littattafan 1982 sun bar duniyar aljanu da fadar sarakunan da, sun shiga Najeriyar da mai karatu ke gani da idonsa: fasa-ƙwauri, cin hanci, haɗarin mota. Na Gagare, wanda ya haura shafi 300, shi ya taɓo tabon yaƙi.

An fara yaƙin basasa a watan Yuli na 1967, aka gama a Janairun 1970. Kafin yaƙin sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma a ƙarshensa sun kai wajen 250,000. Da yawansu samarin Arewa ne da aka ɗauka cikin gaggawa, aka yi musu horo na ɗan lokaci, aka tura su fagen daga. Daura ma ta ba da nata 'ya'yan, wanda aka fi sani shi ne Muhammadu Buhari, yana matashin hafsa a lokacin. Da aka gama, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Sai dai makamai sun riga sun bazu, fashi ya yi ƙamari har gwamnati ta kafa dokar fashi da makami a 1970, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a.

Cikin wannan yanayi labarin yake. Tauraronsa Mailoma, ɗan ƙauyen Maguzawa, ya kafa ƙungiyar ta'addanci, cikin waɗanda ya tara har da mutanen da yaƙi ya koya wa harbi sannan zaman lafiya ya rasa inda zai sa su. Wanda ke neman littafin kuka da hawaye ba zai same shi a nan ba, domin labari ne na jini da bindiga. Nadamar tana cikin sunansa, karin maganar da kowane Bahaushe ya sani, kuma a zuciyar mai karatu take tsirowa bayan ya rufe shi.

A Kudu an yi ta rubutu a kan yaƙin da Turanci. Chinua Achebe ya fitar da Girls at War a 1972, Buchi Emecheta ta fitar da Destination Biafra a 1982, Ken Saro-Wiwa ya fitar da Sozaboy a 1985, Chimamanda Adichie kuma Half of a Yellow Sun a 2006. Mu a nan shirun ya fi maganar yawa. Muna tuna kisan Sardauna da Tafawa Balewa a Janairun 1966, kuma ya cancanci a tuna. Amma kisan da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa a wannan shekarar, da abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967, da halin da sojojinmu suka dawo a ciki, ba a cika tayar da zancensu a zaure ba. Ga yawancinmu, wannan littafi ne wuri na farko da muka ji da Hausa cewa yaƙi yakan biyo mutum har gida.

To me ya sa sai da aro? An buga shi dab da lokacin da tattalin arziki ya karye. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Gurbin da suka bari shi marubutan Kano suka cike da ƙananan littattafai masu araha, ana rarraba labari kashi-kashi, ana saye ko a karɓa haya a shago. Littafi mai kauri irin na Gagare sai ya yi wuyar samu a gari kamar Daura. Wanda ya mallaki kwafi ya zama tamkar mai rijiya, kowa ya zo da gugarsa ya jira layi. Mu 'yan Kusugu ba baƙi ba ne ga wannan, tunda labarin rijiyarmu ya ce a da ran Juma'a kaɗai ake ɗiba.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon soja, yana aikin gadi. Idonsa ya yi rauni, don haka da littafin ya iso gidansu ni aka sa na riƙa karanta masa bayan la'asar. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Wata rana ina tsakiyar karatu ya ɗaga hannu. Na ce, "Baba, in dakata ne?" Ya ce, "Dakata, ɗan nan. An ce mu ajiye bindiga, mun ajiye. Abin da muka gani ne ba a faɗa mana inda za mu ajiye ba." Bai ƙara komai ba, washegari kuma ya aiko a kira ni mu ci gaba. Ya rasu ina jami'a, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa tambayarsa inda ya yi yaƙi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Yanzu aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, na kuma ga yadda tsofaffin littattafan Hausa ke yawo a waya, an ɗauki hoton shafukansu a karkace. Fayil ba ya yagewa, amma ba shi da shafin da za a rubuta suna, ba ya sa yaro ya zauna gaban dattijo, kuma ko kwabo ba ya kai wa mai haƙƙin littafin. Abin da ya kamata shi ne a sake buga shi da izini, a takarda da kuma a intanet. Waɗanda suka je yaƙin suna da shekara 20, yau sun doshi 80. Wanda ke da irinsu a gida, ya je ya zauna ya tambaya tun da sauran lokaci.

Kwafinmu kuwa, na rubuta sunana na 12 kafin yayata ta miƙa shi gaba. Labarinsa na ƙarshe da na ji, wata amarya ce ta tafi da shi Zango cikin kayanta.