Wasiƙar Sarkin Sin zuwa Ingila

A shekarar 1793, yayin da jakadan Ingila, Lord Macartney, ya isa fadar Sarkin Sin, Qianlong, a Chengde, bayan ya kawo wa daular tsarabar agoguna da na'urorin duban taurari, yana neman a buɗe wa fataken ƙasarsa tashoshin ruwa ban da Canton, wadda ita kaɗai aka halatta wa Turawa tijara a cikinta tun 1757, sai husuma ta tashi a kan gaisuwa. Al'adar fada ita ce baƙo ya durƙusa sau uku, goshinsa ya taɓa ƙasa sau tara. Jakadan ya ƙi, ya sa gwiwa ɗaya ƙasa kurum.

Amsar da sarki ya aika wa Sarki George na Uku na Ingila ta nuna cewa daularsa ta wadatu da komai, ba ta muhtajar sana'ar baƙi. Ban ga laifin alfahari da siliki da shayi da tangaran ba, domin ƙasar da ta ƙago takarda ta cancanci ta ji izza. Abin da ke sosa mini zuciya shi ne ujubu, wanda ya sa fadawa suka ɗauki jakadan a matsayin mai kawo gaisuwar mubaya'a, alhali jiragen Ingila sun riga sun mamaye tekuna.

Su ma Turawan Ingila kibri ne ya ɗebe su, har suka yaƙi Sin daga 1839 saboda cinikin ofiyom, suka karɓe Hong Kong bisa yarjejeniyar Nanjing ta 1842.