Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon da Tarihin Digirin da Ya Haɗa Fannoni

Daga cikin digirori na biyu da jami'o'i ke bayarwa akwai wanda ake kira nazarin yanki. A nan ɗalibi ba ya tsayawa kan fanni guda. Yana zaɓar wani sashe na duniya, kamar Afirka ta Yamma ko Gabas ta Tsakiya, ya karanta tarihinsa da harsunansa da addininsa da siyasarsa da tattalin arzikinsa a tare. Mai niyyar shiga wannan karatu ya kamata ya san asalinsa, domin an ƙirƙiro shi ne don wata bukata, daga baya wasu suka juya shi zuwa wata. A Afirka, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara wannan juyi shi ne Jami'ar Ghana da ke Legon, kusa da Accra.

Tushen fannin yana cikin bukatun masu mulki. A 1916 aka kafa makarantar nazarin ƙasashen Gabas a Landan, wadda a yau ake kira SOAS, kuma a 1938 aka ƙara Afirka a sunanta. Babban aikinta a farko shi ne koya wa jami'an mulkin mallaka da sojoji da 'yan kasuwa harsuna da al'adun mutanen da za su je su tarar. A Amurka kuwa, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna wa gwamnati ƙarancin masanan da suka san wasu ƙasashe. Melville Herskovits ya buɗe shirin nazarin Afirka a Jami'ar Northwestern a 1948. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, majalisar Amurka ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, wadda ta ware kuɗi don koyar da harsunan waje da kafa cibiyoyin nazarin yankuna. Ke nan a duka ƙasashen biyu mai nazari yana waje ɗaya, wanda ake nazari yana wani waje, kuma tambayoyin da ake yi na mai biyan kuɗin ne.

Ghana ta sami 'yancin kai a 1957. Kwalejin da Turawa suka kafa a 1948, wadda take ba da digirin Jami'ar Landan, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma a shekarar aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a cikinta. Shugabanta na farko Bature ne ɗan Ingila, Thomas Hodgkin, wanda ya riga ya yi suna da littafin da ya tattara tsoffin rubuce-rubuce kan tarihin Najeriya a 1960. Cibiyar ta fara da ɗaliban digiri na biyu, kuma tun farko aka tsara cewa masanin tarihi da masanin harshe da masanin zamantakewa da masanin kiɗa za su yi aiki a inuwa ɗaya. Kwabena Nketia ya riƙe sashen kiɗa, marubuciya Efua Sutherland ta yi aiki kan wasan kwaikwayo da adabin baka, Ivor Wilks kuma ya duƙufa kan tarihin Asante da arewacin Ghana.

A ranar 25 ga Oktoba 1963 Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe cibiyar a hukumance. Jigon jawabinsa shi ne a nazarci tarihi da al'adu da harsunan Afirka da idon 'yan Afirka, a rabu da zace-zacen da zamanin mulkin mallaka ya bari, a haɗa da baƙar fatar da ke nahiyar Amurka, sannan a mai da sakamakon binciken ga jama'a. Maganar tana da nauyi a lokacin, domin a wannan shekara ce masanin tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya yi iƙirarin cewa Afirka ba ta da tarihin da ya cancanci koyarwa in ban da na Turawan da suka shigo ta. Amsar irin wannan magana hujja ce, kuma neman hujjar ne ya kai masu binciken Legon ƙofar malaman zango.

Ghana ba ta haɗa iyaka da Najeriya ko Nijar ba, amma fataucin goro ya maƙwabtar da su tun da daɗewa. Saboda haka da cibiyar ta shiga tattara rubuce-rubucen hannu, sai ta iske ɗimbin littattafai da wasiƙu da waƙoƙi na Larabci da na Hausar ajami a hannun malaman garuruwan arewa da na unguwannin zango. Hanyar da aka bi ita ce a ari takarda, a ɗauki hotonta, a mayar wa mai ita. Wannan aiki bai yiwu ba sai da taimakon malaman gida irin su Alhaji Usmanu Boyo, wanda ya san gidajen da littattafan suke, kuma masu su suka yarda da shi. Ta haka aka tara ɗaruruwan takardu. Daga cikinsu akwai tarihin masarautar Gwanja da aka rubuta da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18, wanda Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka buga tare da fassara a 1986.

Garin Salaga, babbar kasuwar Gwanja, ya isa misali na dalilin da ya sa fanni guda ba ya wadatarwa. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga. Suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, kuma bayi ma suna cikin hajar wannan kasuwa. Su kan komo da goron da aka ɗebo daga dazukan Asante. Wanda zai fahimci wannan ciniki yana bukatar ilimin ƙasa don ya san dalilin da ya sa goro ke fitowa a daji amma masu cinsa suna can arewa. Yana bukatar tattalin arziki don ya gane aikin madugu da mai masauki da dillali, da yadda bashi da amana suke tafiya tsakanin mutanen da watanni na tafiya suka raba. Yana bukatar tarihin siyasa, domin da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874 sai Gwanja ta yi tawaye, Asante kuma ta karkatar da goro, kasuwar ta fara ja da baya, kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwar zuwa wasu garuruwa. Ga kuma batun harshe: hanyar ayarin ta ratsa ƙasashen da a yau su ne Najeriya da Benin da Togo da Ghana, don haka takardunta suna cikin Larabci da Hausa da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rayuwar Alhaji Umaru na Kete-Krachi ta ƙara fito da wannan a fili. An haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fatake zuwa Salaga, rikicin garin ya sa ya koma Kete-Krachi da ke ƙarƙashin Jamusawa a lokacin, can ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu tsawo kan garuruwa da sana'o'in ƙasar Hausa. Tarihin Najeriya zai iya mantawa da shi saboda ya rayu a waje, tarihin Ghana kuma ya ɗauke shi baƙo. Sai wanda ya ɗauki yankin baki ɗaya ne zai gan shi a matsayinsa.

Zamanin farko na cibiyar bai daɗe ba. Hodgkin ya sauka a 1965, Nketia ya gaje shi, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta. A ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da gwamnatin Nkrumah, kuma cibiyar ta rasa babban majiɓincinta. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, lamarin da ya taɓa mutanen zango da yawa, har da waɗanda a Ghana aka haife su. Zuriyar malaman da takardunsu suka tabbatar da daɗewar ilimi a ƙasar sun wayi gari ana tambayarsu shaidar zama. Wannan ya nuna cewa sanin tarihin cuɗanyar maƙwabta yana da alaƙa da haƙƙin mutane masu rai. Duk da haka cibiyar ta tsaya da ƙafarta, tana ba da digiri har yau, kuma darasin nazarin Afirka wajibi ne ga ɗaliban digirin farko na jami'ar.

Akwai sukar da ake yi wa irin wannan digiri, kuma ba a rasa gaskiya a cikinta: wai mai shi yana taɓa komai bai ƙware a komai ba. Abin da aka yi a Legon ya nuna maganin. Waɗanda aikinsu ya ɗore kowannensu yana da fannin da ya riƙe da ƙarfi, kamar Wilks da tarihi ko Nketia da kiɗa, sannan ya ari kayan aikin sauran fannoni gwargwadon bukatar tambayarsa. Saboda haka ɗalibin da zai shiga nazarin yanki ya fara da tambaya ƙayyadadda, ya zaɓi fanni ɗaya ya zame masa ginshiƙi, ya kuma koyi harshen da takardunsa suke ciki. Ɗalibi Bahaushe yana da rabin guzuri tun daga gida, musamman idan ya iya karanta ajami. Idan ya ƙara da Larabci da Faransanci, takardun Legon da na Yamai da na Kaduna za su buɗe masa, kuma da yawa daga cikinsu suna nan suna jiran mai karantawa.