Libarbar Magnum: Tarihin Bindigar Da Ta Fi Ƙarfin Yawancin Masu Ita

A watan Afrilun 1935, kamfanin Smith & Wesson da ke Springfield a jihar Massachusetts ta Amurka ya kammala ƙera wata sabuwar libarba, ya buga mata lambar rajista ta 1, ya miƙa ta ga J. Edgar Hoover, shugaban hukumar binciken manyan laifuka wadda a wannan shekarar ta samu sunan FBI. An kira bindigar da harsashinta .357 Magnum. A lokacin babu bindigar hannu da ake sayarwa a kasuwa mai ƙarfinta, kuma sai da ta yi shekara 20 tana riƙe da wannan kambu. Daga ita aka samu zuriyar libarbobin da har gobe Amurkawa ke tarawa, suna gogewa, suna gadar wa 'ya'yansu. Amma tun daga farko akwai tazara tsakanin masu mallakar wannan bindiga da masu iya sarrafa ta, kuma a cikin tazarar nan ainihin labarinta yake.

Buƙatar da ta haife ta

Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya. Haramcin ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa mai tsoka, suka yi kuɗi, suka sayi makamai da motoci masu gudu. Da tattalin arziƙi ya karye a 1929, fashin banki ya ƙaru. Mutane irin su John Dillinger da Bonnie da Clyde suka addabi jihohin tsakiyar ƙasar, kafin a kashe su duka a 1934. 'Yan sandan wancan zamani libarba mai harsashin .38 Special suke ratayawa, harsashin da ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Yana da sauƙin harbi, amma sau da yawa ba ya huda ƙarfen jikin mota ko rigar sulken da wasu 'yan fashi suka fara sawa.

Kamfanin Colt ya fitar da harsashin .38 Super a 1929. Smith & Wesson kuma a 1930 ya ɗauki babbar gangar jikin libarbarsa ta .44, ya haƙa mata ramukan .38, don kaurin ƙarfen ya jure harsashi mai yawan albarushi. Daga nan wasu mutum uku suka ƙara tura abin gaba: Douglas Wesson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, da Philip Sharpe, masanin haɗa harsashi, da Elmer Keith, makiyayi kuma maharbi daga yammacin Amurka. Kamfanin Winchester ne ya ƙera harsashin. Dalmarsa kimanin giram 10 ce, amma tana fita da gudun kusan mita 460 a daƙiƙa ɗaya daga dogon bututu, wato kusan ninki biyu na gudun .38 Special.

Akwai wata dabara da suka yi wadda ta ceci hannaye da yawa. Kaurin sabon harsashin daidai yake da na tsohon, don haka suka ƙara wa kwansonsa tsawon kimanin milimita 3. Ta haka ba zai shiga tsohuwar libarbar .38 ba, balle ya fasa ta a hannun mai ita. Shi kuwa tsohon harsashin yana shiga sabuwar bindigar lafiya lau. Wannan ƙaramin bambanci shi ya sa mai .357 yake da zaɓi biyu har yau: harsashi mai taushi don atisaye, mai zafi don farauta ko aiki.

Bindiga mai takardar shaida

Dala 60 aka sa mata, a daidai lokacin da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi. Kamfanin bai zaci za ta yi kasuwa ba, shi ya sa ya mai da ita kayan oda. Mai saye ne zai faɗi tsawon bututun da yake so, daga inci uku da rabi zuwa inci takwas da kwata uku, ya zaɓi irin saiti da irin ƙota, har ma ya faɗi nisan da yake so a daidaita masa saitin. In an gama sai a buga mata lamba, a aika masa da takardar shaida mai ɗauke da sunansa. Douglas Wesson ya ɗauke ta zuwa dazuzzukan Wyoming da Kanada yana farautar manyan namun daji, jaridu suna yaɗa labarin. George Patton, wanda daga baya ya zama janar mai suna a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sayi tasa a 1935, ya sa mata ƙotar hauren giwa. Oda ta yi wa masana'antar yawa, har aka daina tsarin rajistar a 1939 bayan an ƙera 5,000 da ɗoriya. Waɗannan su ne masu tara bindigogi suke kira Registered Magnum, kuma wadda ta zo da takardarta ta asali tana cikin mafi tsada a kasuwarsu.

Makiyayin da bai gamsu ba

Elmer Keith, wanda aka haifa a 1899 ya kuma rasu a 1984, ya yi yawancin rayuwarsa a Montana da Idaho. A shekarun 1920 wata tsohuwar libarbar Colt mai harsashin .45 ta tarwatse a hannunsa saboda ya cika mata ciki fiye da kima. Maimakon ya bar gwaji, sai ya koma kan .44 Special, domin ramukanta sun fi ƙanƙanta, ƙarfen da ke tsakaninsu ya fi kauri. Ya yi kusan shekara 30 yana haɗa harsashinsa da kansa, yana rubutu a mujallu, yana matsa wa kamfanoni su fito da irinsa. A ƙarshen 1955 Remington ya ƙera harsashin .44 Magnum, Smith & Wesson ya ƙera bindigar, aka sanar da ita a farkon 1956. Dalmarta ta haura giram 15. Kamfanin Ruger, wanda bai wuce shekara 7 da kafuwa ba, ya fito da tasa mai suna Blackhawk a wannan shekarar, mai araha da ƙarko. Da Smith & Wesson ya fara sa wa bindigoginsa lambobi a 1957, .357 ta asali ta zama Model 27, .44 Magnum kuma Model 29.

Shekarar 1955 ta yi albarka a wannan sana'a. A cikinta Colt ya fito da Python daga masana'antarsa ta Hartford, libarbar .357 wadda ƙwararrun maƙera ke daidaita kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan a goge ƙarfen har ya yi sheƙi kafin a rina shi shuɗi mai duhu. A cikinta kuma Smith & Wesson ya saurari shawarar Bill Jordan, jami'in tsaron kan iyakar Amurka da Meziko, ya ƙera .357 a kan matsakaicin jiki, wadda ɗan sanda zai iya rataya wuni guda ba ta karya masa ƙugu ba. Ita ce ta zama Model 19, kuma ta shiga ofisoshin 'yan sanda da dama.

Fim ya sauya kasuwa

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, Model 29 bindigar mafarauta ce da 'yan tsirarun masu sha'awa. A 1971 aka saki fim ɗin Dirty Harry, wanda Don Siegel ya ba da umarni, Clint Eastwood ya fito a matsayin ɗan sandan San Francisco mai ɗauke da ita. Nan da nan shaguna suka wayi gari babu ko ɗaya, masu ita suka riƙa sayarwa sama da farashin kamfani, masana'anta ta kasa biyan buƙata na tsawon shekaru.

Abin da allon sinima bai nuna wa masu saye ba shi ne shurin bindigar. Idan .44 Magnum ta tashi, bakin yakan ɗaga sama, ƙotar ta doki tafin hannu, ƙarar ta ratsa kunne. Wanda bai saba ba, bayan harbi biyu ko uku jikinsa zai fara tsorata tun kafin ya ja kunama: ido ya ƙifta, hannu ya sunkuyar da bakin bindiga, harsashi ya tafi ƙasa. Dillalan wancan zamani sun sha ba da labarin Model 29 da ake dawo musu da ita kamar sabuwa, tare da kwalin harsashin da ba a taɓa komai a ciki ba sai 'yan kaɗan. Sayen ingarma daban ne, zama a bayansa daban.

Darasin da aka biya da rayuka

'Yan sanda ma sun gamu da wannan tazara, kuma tasu ta fi muni. A watan Afrilun 1970, a Newhall ta jihar Kalifoniya, wasu miyagu biyu suka kashe jami'an sintirin babbar hanya huɗu cikin 'yan mintuna. Binciken da ya biyo baya ya nuna, cikin sauran kurakurai, cewa da harsashin .38 mai taushi ake horar da jami'an, alhali a bakin aiki harsashin Magnum mai ƙara da walƙiya suke ɗurawa. Abin ya sa aka sake tsarin horon 'yan sanda a faɗin ƙasar.

Da aka koma yin atisaye da harsashi mai zafi, sai wata matsalar ta bayyana. Model 19 ba don irin wannan wahala aka yi ta ba, gindin bututun wasu ya riƙa tsagewa, musamman da harsashi mai ƙaramar dalma da gudun tsiya. Dalilin ke nan da Smith & Wesson ya fito da Model 586 da 686 masu ƙarin kauri a farkon shekarun 1980, Ruger kuma ya kawo GP100 a 1985. Faransa ta riga ta bi wannan hanya: libarbar Manurhin MR 73, wadda aka fara ƙerawa a Mulhouse a 1973, an yi ta ne don ta jure atisayen yau da kullum, kuma rundunar jandarmomi ta musamman, GIGN, ta yi suna da ita.

Sai dai gyaran ya zo a makare. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, a Miami, jami'an FBI takwas suka yi arangama da 'yan fashi biyu. Aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar. Wasunsu libarba ke hannunsu, kuma sake ɗura ramuka shida da hannun da ya ji rauni ya zama tashin hankali. A daidai lokacin fistol irin Glock 17 da Beretta, masu cin harsashi 15 zuwa 17, sun shigo kasuwa. Kafin tsakiyar shekarun 1990 yawancin 'yan sandan Amurka sun ajiye libarba.

Masu riƙe da ita a yau

Da aikin hukuma ya ƙare, sai ta koma hannun masu tarawa, da mafarauta, da masu gasar harbi. Masu tarawa suna da idon gane zamani. A wajen Smith & Wesson suna neman waɗanda aka ƙera kafin 1982, lokacin da ake soke gindin bututu da ƙusa, ana kuma haƙa wa bakin kowane rami gurbin da gindin harsashi zai nutse. Suna ƙyamar makullin cikin jiki da aka fara sawa a 2001. Python kuwa, da maƙeran da suka iya ta suka tsufa kuma kuɗin aikin hannu ya yi yawa, Colt ya daina ta gaba ɗaya a 2005, farashin tsofaffin ya haura dubban daloli, har kamfanin ya dawo da sabon samfuri a 2020. Akwai masu saye su kulle a akwatin ƙarfe ba su taɓa harbawa ba, domin ko zanen da juyawar gangar harsashi ke bari yana rage mata daraja.

Masu harbin kuma wata al'umma ce daban. Sun san cewa ƙwarewa daga harsashi mai taushi take farawa, .38 Special a cikin .357, ko .44 Special a cikin .44 Magnum, sai hannu ya zauna a ƙara zafi. Suna toshe kunne, domin ƙarar takan haura ma'aunin desibel 160, wanda harbi ɗaya kan iya lalata ji. Suna kiyaye yatsu daga 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, inda wuta ke fesowa ta gefe. Da yawansu suna tattara kwanso su sake ɗurawa da kansu, kamar yadda Keith ya yi. A gasar da Amurkawa suka aro daga Meziko, ana jera siffofin dabbobi na ƙarfe, kaza a mita 50, alade a 100, talotalo a 150, rago a 200, kuma ba a ƙirga maki sai siffar ta faɗi. Wanda ya kayar da ragon da bindigar hannu ya yi shekaru yana koyo.

Kyan ƙira ba ya sauya abin da aka yi makami dominsa. A 1996, mutumin da ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane ta Sikotland yana da lasisin bindigoginsa huɗu, biyu daga ciki libarbar .357 ce, kuma a 1997 Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan duk bindigogin hannu. A Amurka, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa ɗan ƙasa yana da 'yancin ajiye bindigar hannu a gida, mutum sama da 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, ba mai mallakarsu sai da izinin shugaban ƙasa.

Waɗanda suka ƙera waɗannan bindigogi sun cancanci a yaba wa gwanintarsu, domin libarbar 1935 da aka kula da ita tana aiki har yau. Amma shekara 90 na tarihinta sun nuna cewa ƙara wa harsashi ƙarfi abu ne mai sauƙi, an ma yi .500 Magnum a 2003 wadda ta ninka .44. Abin da masana'anta ba ta taɓa iya haɗawa a cikin kwali ba shi ne horo, da haƙuri, da sanin lokacin da ya kamata a bar bindiga a kulle. Duk ƙasar da za ta bar makami a hannun jama'a, a kan waɗannan ya kamata ta fara tambayar mai saye, kafin ta tambaye shi kuɗi.