Ƙauyukan Aro da Tarihin Horar da Jama'a Kan Kula da Masu Taɓin Hankali

A farkon ƙarni na ashirin, abin da gwamnatin mulkin mallaka ta tanada wa mai taɓin hankali a Najeriya bai wuce wurin tsarewa ba, domin gidajen mahaukata da aka buɗe a Kalaba a 1904 da kuma Yaba ta Legas a 1907 sun fi kama da kurkuku fiye da asibiti, kuma dokar mahaukata ta 1916 ta fi damuwa da yadda za a kawar da mutum daga kan titi fiye da yadda zai samu sauƙi. A sauran wurare, har da lardunan Arewa, sau da yawa gidan yari ne makomar wanda ya gagari danginsa, yayin da akasarin marasa lafiya suke gida a hannun malamai da bokaye, wasunsu a cikin mari ko turu, wato ƙarfe ko gungumen icen da ake saƙale ƙafar mutum a ciki don kada ya gudu ko ya yi ɓarna.

A cikin wannan hali ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham sannan ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, ya dawo gida a 1954 ya karɓi ragamar asibitin Aro da ke gefen garinsu. Ya tarar ginin bai kammalu ba, ma'aikata kuma 'yan ƙalilan ne, saboda haka ya nemi yardar sarakuna da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin a kan su riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu. Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe a duba shi a ba shi magani, sannan su koma masauki da yamma. Wannan shi ne asibitin jeka-ka-dawo, inda ake jinya da rana a kwana a cikin jama'a. Masu gidaje suna karɓar kuɗin haya, an ba wasu rancen ƙara ɗakuna, an kuma gyara wa ƙauyukan ruwan sha da tsaftar muhalli, ga ma'aikatan jinya da ke zaune a cikinsu dare da rana saboda abin da ka iya tasowa.

Abin da ya fi muhimmanci a tsarin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne ilimin da yake bari a hannun waɗanda ba likitoci ba. Uwar da ta yi watanni tana zaune da ɗanta a Aro takan koma gida ta san lokacin shan magani, ta san alamomin da ke nuna ciwon zai tashi, kamar rashin barci da yawan surutu da ƙaurace wa mutane, ta kuma gani da idonta cewa wanda ake kira mahaukaci yana iya komawa gona ko sana'a. Shi ma mai masauki da ya kwana gida ɗaya da majinyaci ba ya ƙara jin tsoronsa kamar da. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, bisa hujjar cewa su ne jama'a suka fara zuwa wurinsu, su ne kuma suka san yadda mutane suke fassara ciwonsu. A Sudan ma, Dokta Tijjani al-Mahi ya bi irin wannan hanya tare da shehunan addini. Wannan haɗin gwiwa yana da amfani matuƙar an gindaya masa iyaka, domin bai halatta a rufe ido a kan duka da ɗauri da hana abinci da sunan magani ba.

Lambo ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a 1971, ya zama mataimakin babban daraktanta daga 1973 zuwa 1988, kuma a cikin waɗannan shekaru ne hukumar ta fitar da rahoton 1975 da ya nemi ƙasashe masu tasowa su koya wa ƙananan jami'an lafiya gano cututtukan ƙwaƙwalwa da kula da su, kafin taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora lafiyar al'umma a kan kiwon lafiya matakin farko. Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin wannan mataki a manufarta ta 1991, sai dai manufar ta daɗe a takarda, domin ba a yi horon yadda ya kamata ba, magunguna ba su isa asibitocin sha-ka-tafi ba, aikin kuma ya ci gaba da taruwa a manyan asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri.

A 2008 hukumar ta ƙaddamar da shirin cike giɓin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta biyo da littafin jagora a 2010 wanda ke nuna wa nas ko jami'in lafiya mataki-mataki yadda zai gane ciwon damuwa mai tsanani, da farfaɗiya, da shaye-shaye, da tunanin kashe kai, da kuma lokacin da ya wajaba ya tura mutum gaba. A daidai wannan zamani horon ya wuce ma'aikatan asibiti ya kai ga sauran jama'a. A Canberra ta Ostireliya, Betty Kitchener da Anthony Jorm sun ƙirƙiro kwas ɗin taimakon gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa a 2000, suka fitar da na manyan da ke hulɗa da matasa a 2007, wanda ke koya wa malamin makaranta ko uba yadda zai tunkari yaro, ya saurare shi ba tare da tsangwama ba, ya kuma kai shi ga ƙwararre. A Harare ta Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna hanyar tana rage ciwon. Dalilin karkata ga matasa, kamar yadda kwas ɗin Canberra ya yi, a bayyane yake, tun da hukumar ta ƙiyasta cewa kusan rabin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin shekara 14, lokacin da yaro yake hannun iyaye da malamin boko da na allo, waɗanda su ne za su fara ganin ya daina wasa ko karatunsa ya ja baya.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ita ma gadon ta 1916 ce, kuma sabuwar ta amince da haƙƙin majinyaci da kula da shi a cikin al'umma. Amma dokar ba za ta taɓa rayuwar yaron da ke ƙauye ba sai jihohi sun ware kuɗin horar da jami'an lafiya da malaman makarantu, sun kuma naɗa ƙwararrun da za su riƙa bibiyar aikinsu, kamar yadda ma'aikatan Aro suka zauna tare da masu jinya a zamanin Lambo.